Kodin ɗin kwamfuta kaɗai ba zai fisshe mu ba, a bar yaranmu su taɓa haske da hannunsu

Ranar da aka ɗora farantin Starlink, mai kawo intanet daga tauraron ɗan adam, a rufin gidan maƙwabcinmu a Aboabo nan Kumasi muna zaune a bes muna shan ataya, zagaye na biyu ma ba a sauke ba, sai Baaba, dattijon da ya fi kowa daɗewa a layinmu, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon yaron da ke kan rufi, can ya juyo wajena ya ce "Ticha, wannan abu shafe kaman tiren shayi, ba ciki ba hanci, toh ina yake kallo?" Shi abun da ya sani dish ɗin DStv ne mai zurfi kaman kwano, wanda sai mutum ɗaya ya hau sama yana murɗawa wani na ɗaki gaban talabijin yana ihu ya zo, ya tafi, ya dawo, kuma in iska ta ture shi kaɗan shikenan sai an sake kiran mai gyara. Na ce masa Baaba wancan tauraron da kwanon ke kallo yana can nisan kilomita kusan 36,000 kuma tare yake juyawa da duniya shi ya sa kullum yana wuri ɗaya, na wannan kuwa suna ƙasa-ƙasa wajen kilomita 550 kuma gudu suke, cikin ƴan mintoci ɗaya ya wuce wani ya shigo, babu kwanon da zai iya binsu da wuya. Ya ce toh shi tiren da me yake binsu? Na ce da haɗin baki.

A cikin wannan tiren akwai ƙananan eriya sama da dubu a jere, kowacce ita kaɗai ba ta da wani ƙarfi kuma ko'ina take watsa saƙonta, amma in suka buga tare akan samu inda bugunsu ya haɗu ya yi ƙarfi da inda suka kashe juna. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san abun da nake nufi da lokacin bugu, tabarya ɗaya ta makara da ƙiftawar ido duk daka ta rikice. Juyawar kuma kaman sahu ne mai tsawo da ke tafiya gaba, in na gefen dama suka riga ɗaga ƙafa, na kusa da su suka biyo baya kaɗan, haka har zuwa ƙarshen hagu, za ka ga sahun gaba ɗaya ya karkata ba tare da kowa ya ce a juya ba. Toh haka kwamfutar da ke cikin tiren take yi, tana jinkirta bugun kowace eriya da ɗan abun da ta lissafa, sai saƙon ya nufi inda ake so, ba injin da ya motsa ba ƙusar da ta juya. Ni dai jeren eriya masu haɗa baki nake ce masa in ina wa yara bayani da Hausa.

Abun ba sabo ba ne. Wani Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya gwada shi tun 1905 da eriya uku, daga baya sojoji suka sa shi a rada mai hango jiragen sama, na'urar sikan da likita ke ɗora wa mutum a ƙirji ya duba zuciya ma da wannan dabarar take aiki sai dai ita da sauti ne. Kuma babban aikin nan na SKA na sauraron sararin sama, wanda Ghana na cikin ƙasashen Afirka da ke haɗin gwiwa a kai, har aka gyara tsohon kwanon sadarwa mai faɗin mita 32 na Kuntunse aka buɗe shi a 2017 ya zama na binciken taurari, ɓangarensa na Ostireliya eriya 131,072 aka tsara za a kafa a daji su yi wannan haɗin bakin.

Abun da ya hana ni barci tun daga wannan hirar shine yanzu masana na can suna fama su yi irin wannan da haske. Haske ma igiya ce mai tudu da kwari kaman igiyar ruwa, irin ta rediyo, jinsinsu ɗaya. In aka iya, za ka samu ɗan guntun silikon da bai kai farce ba yana jefa hasken leza duk inda aka ce, sau dubbai a daƙiƙa, ba madubi mai juyawa ba inji. Da shi mota za ta auna nisan abun da ke gabanta, da shi jirgi mara matuƙi zai zana taswirar tudu da kwarin unguwa har ya nuna inda ruwa zai kwanta, kuma duk wanda ya kwashe ruwa daga ɗakinsa da tsakar dare a bakin rafin Aboabo ya san wannan ba wasa ba ne. Babban burin kuma shine allon da in ka kalle shi kaman taga kake kallo, abu ya fito da zurfinsa, ka matsa gefe ka ga bayansa, ba tare da ka sa wani tabarau ba, domin allon yana sake gina igiyar hasken ne daidai yadda za ta fito daga abun na gaske.

Ni malamin fiziks ne a wata sakandare nan Kumasi, kuma dalilin wannan rubutun ba don in burge kowa da labarin kimiyya ba ne. A watan Afrilun 2025 shugaba Mahama ya ƙaddamar da shirin koya wa matasa miliyan ɗaya kodin, wato rubuta manhajar kwamfuta, na yi murna kuma har yanzu ina tura yaranmu su yi rajista, amma abun da ke damuna shine a ƙasar nan an mayar da kalmar fasaha ta zama laftof kawai. In ɗan siyasa ya ce zai kawo fasaha unguwanninmu na zango, kwamfutoci yake nufi. In iyaye suka ce yaro ya iya kimiyya, waya yake iya latsawa. Ni kuma ina ganin wannan haske da ake son juyawa shine misali mafi kyau da ke nuna cewa duniya ta cije ne a wuri biyu, wajen kayan ƙira da wajen lissafi, kuma ɗaya ba ya tafiya sai da ɗaya, mu kuwa mun rungumi ƙafa ɗaya muna cewa za mu yi tsere.

Bari in fara da kayan ƙira don nan ne ƙashin yake. Mu da muka taso gaban rediyon iyayenmu mun sha jin mai gabatarwa na cewa ana kama mu a gajeren zango mita 16 da 19 da 25, toh wannan lambar ba ado ba ce, tsawon igiya ɗaya ce daga tudu zuwa tudu. Ƙa'idar jeren eriya ita ce tazarar da ke tsakanin kowace eriya da ƴar uwarta kar ta wuce kusan rabin wannan zangon, in ta wuce sai saƙon ya rabu ya riƙa fita ta wasu fuskoki da ba a aike shi ba, ƙarfi ya zube a banza, hoto ya ninku. Na Starlink zangonsa wajen santimita biyu da rabi ne, don haka eriya kowace santimita ɗaya da ɗoriya ta wadatar, abun da za ka gani da ido har ka taɓa da bakin sukudireba. Koren haske kuwa zangonsa wajen nanomita 500 ne, nanomita ɗaya kuma shine ka raba mita gida biliyan ka ɗau ɗaya. Wato ya fi na Starlink ƙanƙanta sau dubu 50. Rabinsa nanomita 250. Ka tsinko gashi ɗaya daga kanka, a faɗinsa kaɗai sai ka jera eriya kusan 300. Kuma kowace ɗaya tana son hanyar da haske zai biyo ya iso mata, tana son abun da zai jinkirta ta, tana son wayar da za ta kawo mata umarni, duk a cikin wannan ɗan wurin.

Sannan ba za ka iya yi wa haske yadda ake wa rediyo ba, a ce lantarki ya kaɗa kowace eriya kai tsaye. Koren haske yana kaɗawa kusan sau tiriliyan 600 a daƙiƙa, kwamfutar da muke alfahari da ita biliyan uku zuwa biyar take bugawa, ko ƙurarsa ba za ta gani ba. Dole sai dai a ɗauko leza ɗaya a raba haskenta cikin ƴan siraran hanyoyi da aka sassaƙa a jikin silikon, kowace hanya a san yadda za a rage mata gudu kaɗan. Hanyar da aka fi bi ita ce a ɗora ɗan ƙaramin hita a kan hanyar, in silikon ya ɗumama haske na rage sauri a cikinsa. Toh amma zafi ba ya zama inda aka ajiye shi, kaman ɗakunan gidan haya ne, in maƙwabci ya hura gawayi kai ma sai ka ji a bangonka, sai hitar wannan ta ɓata lissafin na kusa da ita. Hasken shi kansa in hanyoyin suka matsu da juna yana yoyo daga wannan ya shiga waccan. In wajen sassaƙa aka samu kuskuren nanomita ƙalilan a faɗin hanya, lokacin bugun ya goce kenan, shi ya sa kowane guntu in ya fito daga masana'anta sai an zauna an daidaita shi eriya bayan eriya. Ga kuma babbar matsala, silikon da duniya ta ƙware wajen sarrafawa shanye hasken da ido ke gani yake yi, sai hasken da ya wuce nanomita 1,100 ne yake ratsa shi, shi ya sa mafi yawan gwaje-gwajen a nanomita 1,550 ake yinsu, irin hasken da ke gudu cikin wayar faiba, wanda ido ba ya gani. In kana son ja da kore da shuɗi sai ka koma wa silikon naitiraid, shi kuma zafi bai cika motsa shi ba sai ka ƙona wuta da yawa, ko ka koma wa litiyam nayobet mai amsa lantarki da sauri ba sai an ɗumama shi ba, amma shi kuma sassaƙa shi wuya. Ita lezar ma silikon ba ya iya haifar da ita da kyau, sai an nemo sinadarai irin na galiyam da indiyam an liƙa. Ka ga kowane abu ka ɗauko yana ba ka da dama ya karɓe da hagu.

Akwai lissafin da nake sa ƴan aji uku su yi da hannunsu don yana sa su yi shiru. Ɗauki fuskar wayarka, a ce santimita 7 a faɗi 15 a tsawo. In za a cika ta da eriya a tazarar nanomita 250 za ta ci wajen biliyan 168. Talabijin ɗin 4K da ake ji da shi a Adum ɗigo miliyan 8.3 ne gaba ɗayansa. Yanzu a ce kowace eriya miliwat ɗaya kawai za ta sha, wato wat ɗaya a raba gida dubu, kuma wannan rangwame ne na yi don hitocin da aka saba da su sun fi haka ci, jimla megawat 168 kenan. Madatsar Kpong gaba ɗaya megawat 160 take bayarwa. Wato fuskar waya ɗaya ta shanye Kpong har da neman ƙari. In allo ne mai mita ɗaya kowane gefe, eriya tiriliyan 16, wuta megawat 16,000, Akosombo mai megawat 1,020 sai ka jera kusan sha shida. Wannan ba matsalar da mai kodin zai warware a laftof ba ce, sai an samo wani abu daban da zai riƙe jinkirinsa ba tare da yana shan wuta ba, kuma wanda zai samo shi mutum ne da ya san fiziks da kemistiri kuma hannunsa ya saba da ɗakin gwaji.

Toh a ce ma an samo. Sai lissafi ya taso. A talabijin ɗin gidanka kowane ɗigo aikinsa ɗaya, a ce masa kai ja ne kai baƙi ne shikenan. A wannan allon kuwa kowane ɗigon hoton da za ka gani a iska duk eriyoyin ne suka haɗu suka yi shi, kuma kowace eriya tana da hannu a kowane ɗigo, don haka in abu ɗaya ya motsa a hoton sai an sake wa kowa lissafinsa, kuma a yi haka sau 60 a daƙiƙa don ido kar ya ga tsalle. Ko ka bar lissafin ma, isar da umarnin kaɗai, in kowace eriya bait ɗaya za a aika mata, fuskar wayar nan na son wajen terabait 10 duk daƙiƙa, kaman ka cika wayoyi masu gigabait 128 kusan guda 80 kafin ka ce bismillah. Masu lissafi sun yi ƙoƙari ba laifi, akwai dabarar Cooley da Tukey ta 1965 da ke gajarta irin wannan aiki ƙwarai, akwai ta Gerchberg da Saxton ta 1972 da har yau ake amfani da ita wajen nemo jinkirin da ya dace, a 2021 wasu a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna cewa za a iya horar da ƙirƙirarriyar basira ta riƙa fitar da hologiram, wato irin wannan hoton mai zurfi, nan take, wasu kuma suka ce me zai sa a lissafa wa duk ɗaki, a sa kyamara ta bi idon mai kallo a lissafa masa shi kaɗai. Amma lura da abu ɗaya, duk waɗannan dabarun wanda ya fahimci yadda igiya ke haɗuwa ne ya ƙirƙiro su. Yaron da ya iya rubuta manhaja amma bai taɓa ganin haske ya kashe haske ba, ba zai san ma me zai gajarta ba.

Inda aka kai yanzu ba kaɗan ba ne kuma ba inda ƴan talla ke cewa ba ne. A 2013 ƙungiyar Michael Watts a MIT ta jera eriyar haske 4,096, wato 64 sau 64, a kan ɗan silikon da bai fi rabin milimita da kaɗan ba, har suka haska tambarin jami'ar da shi, amma tazarar eriyoyin maikuromita 9 ce, wato nanomita 9,000, ninki da yawa kan abun da ƙa'ida ke so, kuma waɗanda suka iya juyawa yadda suke so 64 ne a wani ƙaramin guntu. Daga baya an kai dubbai masu juyuwa a layi ɗaya. Wani kamfani a Amurka, Quanergy, tun 2016 ya yi alkawarin na'urar auna nisa ta mota mai arha da wannan fasaha, kuɗi suka zubo masa, a Disambar 2022 ya shigar da takardar karyewa. Daga dubbai zuwa biliyan 168 tafiya ce mai nisa, kuma duk wanda ya turo maka bidiyo a WhatsApp wai baɗi waya za ta riƙa fito da mutum a tsakar ɗaki, ka tambaye shi ina zai samo Kpong ɗinsa.

Toh wannan nisan shine hujjata. Abun bai nuna ba tukuna, ba wanda ya kulle ƙofa. Waya ta zo mana a gama, muka zama masu saye da masu gyara, kuma wallahi ina girmama yaran da ke zaune a Adum da madubin ƙara girma a ido suna ɗaga guntun da bai kai ƙwayar shinkafa ba, da na Suame Magazine da ke tada injin da masu shi suka fid da rai, hannun da ake nema kenan. Amma har yaushe za mu riƙa shiga kasuwa bayan an gama rabon riba? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma dubi abun da ke ƙarƙashin ƙafarmu. Litiyam na nan a Ewoyaa kusa da Saltpond, an ba kamfani lasisin haƙa a 2023. Boksait, dutsen da ake samun alminiyam a cikinsa, na fita daga Awaso shekara da shekaru, ga na Nyinahin nan kusa da mu, kuma galiyam da ake lezar da shi ba shi da ma'adinin kansa, wajen tace boksait ake tsamo shi, mu kuwa ba mu da matatar, kamfanin alminiyam na VALCO ma da ke Tema daga waje ake kawo mata abun da take narkawa, don haka galiyam ɗinmu na tafiya cikin jan dutsen ba wanda ya ƙirga shi. Sin ce ke fitar da sama da kashi 90 cikin 100 na galiyam ɗin duniya, da ta taƙaita fitar da shi a 2023 manyan ƙasashe sun shiga taitayinsu. Ba ina cewa mallakar dutse zai mayar da mu masu ƙera guntun haske ba ne, gaskiya litiyam ɗin da ke cikin guntu ɗaya bai taka kara ya karya ba, kuɗin ba a nauyi yake ba, yana wajen tacewa har ya yi tsarki da rainon ƙanƙararsa, wato kiristal ɗinsa, ba tabo, kuma wannan ilimi ne ba tirela ba. Abun da nake cewa shine in za a sa hannu a yarjejeniyar haƙar ma'adini, me zai hana a rubuta a ciki cewa wani kaso zai tafi kai tsaye ga ɗakunan gwajin kayan ƙira a jami'o'in KNUST da Cape Coast, a rubuta shi yadda ba ministan da zai iya karkatar da shi?

Na san abun da za a ce min don an faɗa min a bes ɗin ranar. Wani ƙanena ya ce Yaya, ƙasar da yara ke karatu ƙarƙashin bishiya, ƙasar dumsor da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, kai kana maganar nanomita? Maganarsa na da nauyi kuma ban raina ta ba. Ni ma in aka ce yau gwamnati za ta ciwo bashin biliyoyin dala ta gina masana'antar guntu zan fito in ce a'a, ba mu da wutar, ba mu da tsarkakakken ruwan, ba mu da mutanen. Abun da nake roƙo bai kai nan ba. A yau ɗalibi na iya zana guntun haske a kwamfuta da manhajar kyauta irin KLayout, ya tura zanen masana'anta irin imec a Beljiyam inda ake haɗa zanen mutane da yawa a faranti ɗaya kowa ya biya kasonsa, bayan watanni a aiko masa da nasa ya gwada. Abun da ake buƙata a nan shine teburin gwaji, leza, na'urar aunawa, wutar da ba ta ɗaukewa a ɗaki ɗaya tak, da malamin da aka biya shi ya zauna. Jami'ar Cape Coast na da cibiyar leza da faiba da ta daɗe tana aiki, yaran jami'ar All Nations a Koforidua sun harhaɗa tauraron ɗan adam GhanaSat-1 ya shiga sama a 2017, ba daga sifili za a fara ba. Tarayyar Afirka ta daɗe da cewa kowace ƙasa ta kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinta a bincike, ba mu kai ba. Majalisa ta yi dokar asusun bincike na ƙasa a 2020, toh a zuba masa kuɗi na gaske, kuma cikin kowace sidi goma da za a kashe wa kodin a ware ko biyu ne don ɗakin gwajin sakandare.

Don ni na san yadda ɗakin gwajin yake. Yara sama da sittin, gilashin firizim da bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, wasu sun fashe a gefe, allurai sun yi tsatsa, kuma sau da yawa sai jarrabawar WASSCE ta matso ake buɗe kabad ɗin a koya musu yadda za su soka allura su ja layi don su ci maki. Yaro ya gama sakandare ya haddace cewa haske igiya ce amma bai taɓa gani ba. Wata rana na gaji na shiga Kejetia na sayi ƴar jar leza irin ta maƙalin makulli da kuɗin aljihuna, muka rufe tagogi da zannuwan da yaran suka aro, wani yaro ya tsinko gashin kansa muka liƙa shi da salatif a bakin kwali, muka auna mita uku zuwa bango. Da na kunna, maimakon inuwar gashi sai ga jerin ɗigon ja da duhu a tsakaninsu sun miƙe a bango kaman carbi. Ajin ya yi tsit. Wata yarinya ƴar Asawase da ba ta cika magana ba ta tashi da rula ta auna tazarar, wajen santimita uku, muka sa zangon jan hasken nanomita 650 a lissafi, ta fitar da kaurin gashin, maikuromita 65. Ta dubi takardarta ta dubi bangon ta ce "Malam, wato duhun nan haske ne ya haɗu da haske?" Na ce ƙwarai kuwa. Abun da ke cikin tiren Starlink kenan, abun da MIT ke fama da shi kenan, kuma kuɗin kayan gaba ɗaya bai kai na waakye faranti biyu ba.

Abun da ke ƙara min zafi shine wannan fannin ba baƙonmu ba ne. Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, shi ya rubuta Kitabul Manazir shekara dubu da suka wuce, ya tabbatar da gwaji cewa haske ne ke shigowa ido ba ido ke fitar da shi ba, kuma da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2015 a matsayin shekarar haske har da cikar aikinsa shekara dubu aka yi bikin. Ghana na cikin ƙasashen da suka kai wannan ƙudurin, kuma Farfesa Francis Allotey, ɗan Saltpond ɗin nan da litiyam ke maƙwabtaka da ita, yana cikin waɗanda suka tsaya a kai kafin ya rasu a 2017. Na tambayi ajina wa ya san waɗannan mutum biyun, hannu biyu ne suka tashi kan Allotey, Ibnul Haisam ko ɗaya, alhali rabinsu yaran zango ne da suka yi shekaru a makaranta suna karanta Larabci.

Nan kuma maganata ta dawo gida, don ba komai ne laifin gwamnati ba. Mu mutanen zango in yaro ya yi ƙoƙari a kimiyya abun da muke hango masa likita ne ko nas, in bai samu ba ya tafi kasuwa ko ya nemi hanyar fita waje, in ya ce fiziks zai karanta sai a ce toh ticha za ka zama kenan, kaman an yi asara. Yarinyar nan da ta auna gashi mahaifiyarta ta zo ta same ni bayan an tashi, mai sayar da koko ce, ta ce Malam ka gaya min gaskiya, wannan karatun zai ciyar da ita? Ban yi mata ƙarya ba, na ce Mma ba zan ce gobe za ta samu aiki a nan ba, amma kamfanonin waya na shimfiɗa faiba, asibitoci na sayen na'urorin leza da ba su da mai duba su, kuma duk inda aka je a duniya ana neman wanda ya iya haske. Abun da nake so daga Asusun Raya Zango da sarakunanmu da alhazanmu masu kai mutane Makka duk shekara shine su ɗau nauyin yara ko biyar ne a kowace shekara musamman don fiziks da kimiyyar kayan ƙira, har su gama digiri na biyu, a faɗi sunayensu a masallaci ranar Juma'a yadda ake faɗin na waɗanda suka sauke Alƙur'ani, kuma limamai su riƙa ambaton Ibnul Haisam a wa'azi.

Ranar 16 ga Mayu ce ranar haske ta duniya, ranar da Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a 1960. Na riga na yi magana da malamin makarantar layinmu ya ba mu zauren bayan la'asar, zan zo da lezar da tsofaffin faya-fayan CD da kwali, yarinyar nan ita za ta yi bayanin da Hausa, kuma Baaba ya ce a ajiye masa benci a gaba, wai gashin gemunsa za a auna.